Manaja Ba Ta Ba Ni Wahala

A layin nan in ka ce kana neman mai guga, sai an tambaye ka wacce daga ciki. Amma ka ce Maman Manaja, ko ƙaramin yaro zai nuna maka benen da fentinsa ya gama ɓarewa, hawa na sama, ɗakin ƙarshe, wanda tagarsa ke fitar da tururi da ƙamshin sitaci. Nan take zaune da mijinta da 'yarsu, ɗaki guda da ɗan banɗaki. Mijin direban babbar mota ne, zuwansa gida zuwan baƙo ne: ya ci, ya yi barci, ya gyara famfon da ke ɗiga, ya sake kama hanya. Ita kuwa kullum a tsaye. Tsaye take aiki, tsaye take cin abinci, har akwai maƙwabciyar da ta rantse ta taɓa ganinta tana gyangyaɗi a tsaye da dutsen guga a hannu.

Aikin ta iya shi, wannan ba gardama. Rigar ma'aikacin banki, kayan 'yan makaranta, mayafin da ko kallon wuta ba ya so, duk ta san zafin da kowanne ke ɗauka. In ta fitar wa wando da kari, sai ka ji kunyar zama da shi. Teburin gugar yana manne da gadon 'yarta, don ido ɗaya yana kan kwalar riga, ɗayan yana kan Manaja.

Manaja kuwa ba manajar komai ba ce. Yarinya ce da ta fara zama budurwa, ba ta tafiya, ba ta iya zama da kanta, ba ta magana. Ubanta ne ya laƙaba mata sunan, wai ita ce ko tsinke ba ta ɗagawa amma gidan kaf da umarninta yake tafiya: sai ta ci ake ci, sai ta yi barci ake runtsawa. In ya dawo daga tafiya sai ya ƙame a bakin ƙofa ya sara mata, ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba ƙaramin ma'aikaci izinin shigowa?" Ita kuma ta kece da irin dariyarta mai fitowa da jiki duka, har ƙafafun su miƙe su sandare. Kada ka ga miyau yana zuba ka ɗauka ba kowa a ciki. Tana jin komai, tana gane komai, har abin da ba a so ta gane. In ta ɗaga ido sama, ta ce e ke nan. In ta kau da fuska, a'a. Da waɗannan biyun suke gulmar masu kawo guga ita da uwarta, yini guda ba su gaji ba.

Yadda aka yi ta zama haka, uwar ba ta son maimaitawa, amma an sa ta maimaita har ta haddace. Cikin fari ne. Naƙuda ta kama ta aka kai ta wani asibiti, aka ce gadaje sun cika, ta jira a benci. Ungozomar da ta duba ta ta ce da saura, lokacin tashinta ya yi ta ɗauki jakarta ta wuce, ba ta yi wa wadda ta canje ta bayani ba. Ita kuma waccan da ta ga ƙaramar yarinya tana murƙususu sai ta ce raki ne. "Kowace mace haka ta haihu, ki daina tara mana jama'a." Haka aka yini. Ko da aka tuna da kiran likita, bugun zuciyar jaririyar ya yi ƙasa. Aka ciro ta jikinta ya yi shuɗi, ba kuka. Daga baya likitoci suka ce a wannan jiran ne iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarta, kuma abin da ya lalace a can ba ya dawowa. A ranar dai abin da aka ce wa uwar shi ne ta yi haƙuri, ta kuma yi.

Doka guda ta kafa a ɗakinta: ba a kukan Manaja a gaban Manaja. Wata ƙanwar mijinta ce ta jawo. Ta zo gaisuwa, ta tsaya kan yarinyar tana girgiza kai, ta ce, "Allah sarki, Yaya, wannan ai wahala ce kawai aka haɗa ki da ita." Leɓen Manaja ya fara rawa, ta yi kuka har numfashinta ya sarƙe. Maman Manaja ba ta ɗaga murya ba, takalman baƙuwar kawai ta ɗauko ta miƙa mata. Tun daga ranar maganar ta zauna a bakinta, ko daga barci ka tashe ta ita za ta faɗa: "Manaja ba ta ba ni wahala." Ta faɗa wa dangi, ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa wa masu kawo guga. Har ta kai in ta faɗa ba ta ma jin ta faɗa.

Maganar ƙara ba daga ita ta fito ba. Matar da ke motsa wa Manaja gaɓoɓi a asibitin gashin ƙashi ce wata rana ta tambayi labarin haihuwar. Da ta ji, sai ta ce wannan sakaci ne, kuma akwai inda ake kai kukansa. Ita ta haɗa su da wata lauya siririya mai tabarau da ke zamewa kan hanci, wadda kowa ke kira Barista. Aka shigar da ƙara Manaja tana famfarar haƙori. Kai, shari'a! Yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauyan asibiti ba lafiya, jibi an ɗaga zama don an ɗaga. Haƙoran suka fito, yarinya ta yi tsawo, ta yi nauyi, Barista kanta ta yi aure ta haihu ta yaye. Da ƙyar da jiɓin goshi asibitin ya amsa cewa laifinsa ne. Abin da ya rage shi ne kotu ta san irin kulawar da yarinyar ke buƙata, don a kan haka za a yanke diyya. Aka ce za a turo likita ta gan su a gida.

Maman Manaja ba mota take mafarki ba. Ɗaki take so a ƙasa, da keke mai riƙe wuya da baya, da gado mai ɗagawa, da wata mace da za ta riƙa kama mata. Don bayanta ya fara ƙarewa. An yi hoto an ce ƙashin ya goge, wai ta daina ɗaukar abu mai nauyi. Ta yi dariya a gaban likitan har ya tsargu. Amma in ta sunkuya ta ji abin ya tsarga mata har yatsan ƙafa, tambaya guda ke zuwa mata: ranar da bayan nan ya ƙi miƙewa, wa zai ɗaga Manaja?

Barista ta kira ta a waya ta ce, "Ki bar likitar ta ga komai yadda yake." Ta ce to. Amma abin da kunnenta ya ji shi ne baƙuwa za ta zo, babbar baƙuwa, daga kotu. Haba! Matar da ke fitar da mutane tsaf-tsaf a gari, a zo a tarar da ɗakinta yana zarni? Ta wanke ɗakin har bango. Ta fitar da katifa ta sha rana. Ledar shimfiɗa, da kunzugu, da bokitin da ake jiƙa su, duk ta kai ɗakin maƙwabciya, ta aro labule a can. Da aka tambaye ta lokacin da ya fi mata, ta zaɓi hantsi, don ta san bayan wanka da ruwan ɗumi ne jikin Manaja ke sakewa. Ta yi mata kitso, ta sa mata rigar da ta sha guga, ta tokare ta da matasai ta ko'ina ta lulluɓe su da mayafi, har ka rantse yarinya zaune take da kanta.

Likitar ta zo, dattijuwa mai sanyin murya, ta duba gaɓoɓin Manaja, ta zauna tana tambaya.

"Da dare tana tashinki?"

"Kai, ba sosai ba. Barcinta take yi abinta."

"Cin abinci fa?"

"Alhamdulillahi, ba ta da zaɓe."

"Kina iya ɗaukarta ke kaɗai?"

"Wannan? Ai ba ta da wani nauyi."

"Ke kanki fa, akwai abin da ke damunki?"

"Ni? Lafiyata ƙalau, Likita. Manaja ba ta ba ni wahala."

Manaja kuwa sai washe baki take yi, an yi mata kwalliya ana yabonta a gaban baƙuwa. Likita ta sha shayi, ta yaba tsabtar ɗakin, ta tafi. Ranar Maman Manaja har 'yar waƙa ta yi a kan guga, don a ganinta ta fita kunya.

Ba a daɗe ba Barista ta hawo benen tana haki. Ko zama ba ta yi ba ta fara, "Maman Manaja, me na yi miki?" Uwar ta ja ta bakin ƙofa, ta saya ƙofar yadda za ta riƙa hango gado, ta ce ta rage murya.

"Kin san abin da likita ta kai wa kotu? Wai yarinya tana zama, tana barci, tana ci, uwa kuma tana iyawa ba ta buƙatar taimako. Lauyan asibiti har murmushi yake mini! Shekara da shekaru muna jan abin nan, kin tashi kin goge shi da dutsen guga."

"To me kike so in ce? In ce 'yata ta zame mini kaya, tana kallona?"

"Ba ni ke so ba. Kotu ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Duk abin da kika ɓoye, a wurinsu babu shi." Barista ta tura tabaraunta sama, ta sauke ajiyar zuciya. "Zan roƙi alƙali a sake turo ta. In ya yarda, daga wannan babu wani. Kada ki share, kada ki wanke, kada ki aro komai. Ranarku mafi muni nake so ta gani."

Maman Manaja ta gaya wa mijinta a waya. Tana jin ƙarar motoci ta bayansa. Ya ce, "Wallahi ni ma da ina nan haka zan ce wa likitar." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma bayanki fa, Maman Manaja?" Ta ce masa guga na jiranta.

Alƙali ya yarda. To, ashe ƙin yin shara ya fi shara wuya. Ana gobe za a zo, hannunta ya kai kan tsintsiya ya fi a ƙirga, tana janyewa. Ta kwana da bokitin kunzugu a inda yake, ranta yana suya. Da sassafe likita ta iso, Barista na biye da ita don kada a sake. Suka tarar da katifa a jiƙe, ɗaki yana wari, jikin Manaja ya sandare kamar yadda yake yi kowace safiya, hannaye a dunƙule, ƙafafu a harɗe. Maman Manaja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Likita ta ce ta yi komai yadda ta saba, ita kallo za ta yi. Ta yi. Ta murza gaɓoɓin har suka ɗan saki. Ta cusa hannu ɗaya ƙarƙashin wuya, ɗaya ƙarƙashin cinyoyi, ta cije leɓe ta ɗaga. A tsakiyar ɗaki bayan ya riƙe, ta tsaya cak da yarinya a hannu, ba gaba ba baya, sai da ta jingina da bango ta numfasa sannan ta ƙarasa banɗaki. Bayan wanka aka zo ci. Abincin a niƙe yake, cokali-cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Ana cikin haka Manaja ta ƙware, idanunta suka firfito, uwar ta kifa ta a gwiwa tana bubbuga mata baya har numfashi ya dawo. Barista, wadda ta yi shekaru tana rubuta wannan a takarda, ta kau da kai tana goge tabarau.

Da aka gama, uwar ta zauna bakin gado ta jingina Manaja a ƙirjinta. Haka ake yi bayan kowane ci, sai an riƙe ta a miƙe an jima, in ba haka ba abincin ya dawo ya shaƙe ta. A nan likita ta jawo kujera ta ce, "Yanzu ki gaya mini gaskiya. Lokacina ya kusa, akwai masu jirana."

Maman Manaja ta dubi ƙofa. Ba halin tashi, ba kuma wanda ya iya riƙon nan sai ita. Ta ce, "Likita, tana ji fa. Tana gane komai."

Likita ta rage murya, sai ka ce rage murya zai yi wani abu a ɗaki guda, kan yarinya yana kan ƙirjin mai amsawa. "Da dare tana tashinki?"

"Alhamdu…" Barista ta yi gyaran murya. Maman Manaja ta haɗiye sauran. Ta ɗora tafin hannunta kan kunnen 'yarta, ta san kuma ba abin da zai tare.

"Tana tashina," ta ce. "Sai na juya ta, in ba haka ba jikinta ya yi gyambo. Rabona da barcin da zan farka don kaina tun kafin a haife ta."

Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Ta faɗi yadda take cin abinci da hannu ɗaya. Ta faɗi bukukuwan dangi da rasuwar da ba ta je ba, ta uwarta ma a yini guda ta je ta dawo. Ta faɗi yadda ta ƙi sake haihuwa don ba ta da hannu na uku. Ta faɗi ranar da suka faɗi tare a banɗaki, ta kasa tashi, suka kwanta a jiƙe har maƙwabciya ta jiyo. Muryarta ba ta rawa, ba hawaye, kamar mai karanto labarin wata.

"Tana fita waje kuwa?" in ji likita.

"Kullum da la'asar. Ina goya ta in sauka da ita bakin ƙofar gida, ta ga 'yan makaranta suna dawowa. Duk yininta wannan take jira. In lokacin ya yi ko na manta ita ba ta mantawa."

"Matakalar nan? Da bayan nan naki?"

"Saukar da sauƙi. Hawowar ce." Ta ji jikin yarinyar ya yi tsit a ƙirjinta, amma ta riga ta yi nisa. "Kowane taki ji nake kamar ana buga mini ƙusa. Wani lokaci tun azahar gabana ke faɗuwa in na tuna la'asar na zuwa. Na gaji, Likita. Wallahi na gaji. Ina tsoron ranar da zan sake ta a kan matakalar nan."

Likita ta rubuta abin da za ta rubuta, ta dafa kafaɗarta, ta shafa kan Manaja, ta fita. Barista ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a hankali, "Yau kin yi. Wannan ba mai iya musa shi." Maman Manaja ta gyaɗa kai kawai.

Ta kwantar da yarinyar, ta share ɗakin, ta wanke abin wankewa, ta jona dutsen guga. Ta ɗauko rigar wani mai tumbi da suka saba yi wa dariya, ta ɗaga ta ce, "Manaja, ga mutuminki, ya ƙara faɗi." Manaja tana kallon silin.

La'asar ta yi. Daga ƙasa aka fara jiyo hayaniyar yara. Ta kashe dutsen guga, ta ɗauko zanen goyo ta karkaɗe, ta zo bakin gado ta juya baya za ta durƙusa. "Taso, ranki ya daɗe, mutanenki sun fito."

Manaja ta kau da fuska.

"A'a? Wani wuri ke miki ciwo?"

Ta sake kau da fuska.

"Fushi kike da ni?"

A'a.

Maman Manaja ta tsaya da zane a hannu. Ta san tambayar da ta rage, ta kuma so ta bar ta, amma yarinyar ta juyo ta kafe ta da ido tana jira.

"Don bayana ne?"

Manaja ta ɗaga ido sama.

"Haba, uwata. Maganar kotu ce fa, Barista ce ta ce in faɗi haka. Ke kin taɓa ba ni wahala? Taso mu je."

Yarinyar ta dube ta, irin duban da ba a yi wa ƙarya, sannan ta kau da fuska ta bar ta a can. Uwar ta lallasa, ta yi wasa, ta yi barazanar kai ƙara wurin ƙaramin ma'aikaci in ya dawo. Da ta sa hannu za ta ɗaga ta da ƙarfi, Manaja ta sandare jikinta gaba ɗaya, da gangan wannan karon, har sai da aka sake ta.

Sai uwar ta zauna a bakin gadon, zanen a kan cinyarta. Yara suka wuce ta ƙarƙashin taga suna ihu suna tsokanar juna, hayaniyar ta yi nisa har ta ɓace. Ba wadda ta motsa a cikinsu. Abin da ya fi ƙona mata rai, wanda ba za ta iya gaya wa Barista ko mijinta ko kowa ba, shi ne bayanta ya ji daɗin zaman nan.